Manhaja ta ce batir ya cika, ƙarfe uku na dare inbata tana kuka: da me zan riƙa bin sawun solar gidana?

Ɗan Gwari Mile 12:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sola, musamman mazauna nan Legas, don ranar da muke samu a nan ba irin ta gida ba ce.

Ina zaune a Agege, sana'ata kayan gwari a Mile 12. Bayan an cire tallafin mai a 2023 na ga kuɗin fetur ɗin janareta zai durƙusar da ni, sai na daure na haɗa sola. Ga abin da ke gidan: inbata 5kVA mai 48V, batir tubula, irin mai ruwa a ciki, guda 4 masu 220Ah, da fanel 6 masu wat 450 kowanne. Lodin gidan a ganina bai taka kara ya karya ba: fankar silin 4, firji, babbar firiza da uwargida ke sa zoɓo da kunun aya na sayarwa, talabijin, ƙwayayen wuta, sai injin burtsatse mai doki 1. Ba mu da AC.

Da farko sai gari ya waye tas ba mu ji ko ƙis ba. Yanzu kuwa wajen ƙarfe uku na dare inbata take fara kuka, kafin a kira assalatu ta mutu, fanka ta tsaya, sauro ya karɓi aiki. In akwai wutar NEPA a lokacin to shi ke nan, in babu sai dai mafici.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne manhajar waya. Akwai ɗan abin Wi-Fi da aka soka a jikin inbatar, ina kasuwa ina ganin abin da ke faruwa a gida. Kullum da la'asar za ta nuna min batir 100%, ko da ranar an wuni ana ruwa. In yara sun kunna burtsatse sai ta faɗo 60%, suna kashewa ta koma 90%. Wane irin batir ne yake zubar da kashi 30 ya kuma kwashe abinsa cikin minti biyu? Sannan in data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, sai in tarar da giɓi a zanen, awa huɗu awa biyar babu komai, kuma galibi daidai lokacin da nake son gani.

Na kira masu gyara biyu. Na farko ya ce batura sun mutu, in kawo kuɗi. Na biyu ya ce batura lafiyarsu ƙalau, fanel ne suka yi kaɗan, shi ma in kawo kuɗi. Ba wanda ya auna wani abu a cikinsu, kallon fuskar inbata kawai suka yi. Ni kuma ba na son sake zuba kuɗi a kan "ina jin".

To tambayata: da wace na'ura ko manhaja zan riƙa ganin ainihin abin da ya shiga batir da abin da ya fita, dare da rana, a kuma ajiye min shi ko babu intanet? Ba injiniya ba ne ni, amma lissafin shiga da fita ba baƙona ba ne. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Alaba:

Wa alaikumus salam Alhaji. Manhajar ba ƙarya take maka da gangan ba, abin da inbata ta faɗa mata ne take maimaitawa, ita kuma inbatar ba ta san cikin batirinka ba. Da batir tubula, yawancin inbatocin nan bolt kawai suke kallo su yi kintacen kashi nawa ya rage. Shi kuwa bolt yana hawa da zarar caji na shiga, yana faɗuwa da zarar an ɗora lodi mai nauyi. Shi ya sa da la'asar kake ganin 100%: rana tana tura wuta, bolt ya ɗaga, inbata ta ce an cika. Shi ya sa kuma burtsatse yake "cinye" kashi 30 ya dawo da shi. Ka daina kallon wannan lambar gaba ɗaya.

Kafin ka sayi wani abu mai tsada, ka nemi maltimita, na'urar auna bolt, ba ta da wani kuɗi, da littafi da biro. Ka rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin baturan. Ka auna kowanne shi kaɗai sau uku: da rana tsaka ana caji, bayan isha'i, sai kuma lokacin da kukan ya fara. Na ƙarshen nan shi ne mai muhimmanci, ko da zai hana ka barci. Batura 4 da aka jera su ba da 48V, in ɗaya ya gaji shi zai jawo sauran ƙasa, inbata kuma jimilla kawai take gani. In ka ga uku suna kusa da juna ɗaya ya yi musu nisa, ka samu mai laifi.

Don ka san inda kake: batir 12V da ya cika ya kuma huta yana nuna wajen 12.7, in ya kai rabi wajen 12.1 zuwa 12.2. Wajen caji kuma dole ya hau kusan 14.4, wato 57.6 a jimillar naka, ya zauna a nan na wasu awanni kafin a ce ya cika. Wasu kamfanonin tubula suna son sama da haka kaɗan, ka duba takardar naka.

Abin da kake nema na dindindin sunansa shant. Wani ɗan ƙarfe ne da ake sawa a kan wayar nagatib, tsakanin batir da duk sauran kaya. Aikinsa irin na malamin da ke zaune bakin shago a kasuwarku ne: buhun da ya shiga ya rubuta, wanda ya fita ya rubuta, ba ruwansa da yadda tsibin kaya ya yi tsawo a ido. Yana ƙirga am nawa suka wuce cikin awa nawa, ya ba ka Ah da suka fita da waɗanda suka dawo. Wanda aka fi sani shi ne SmartShunt na Victron mai 500A, yana magana da waya ta Bluetooth, ba ya buƙatar data. Yana da wata ƙafa ta daban da za a iya haɗawa a tsakiyar jerin baturan, ta riƙa gwada biyun sama da biyun ƙasa, in sun fara bambanta ka gani tun da wuri. Akwai kuma 'yan China masu sauƙin kuɗi da ke irin wannan ƙirgar, a kasuwar Alaba ba za ka rasa ba.

Abu biyu ne ke ɓata aikin shant. Na farko, in aka bar ko da siririyar waya ɗaya a kan nagatib ɗin batir ba ta bi ta cikinsa ba, lissafi ya rushe. Na biyu saiti: a sa masa 220Ah, ba 880 ba, don jeri yana ƙara bolt ne, ba ya ƙara Ah. Kuma bolt ɗin da zai ɗauka a matsayin "an cika" a sa shi dab da 57.6 ɗin nan, ƙasa kaɗan. In aka bar shi ƙasa sosai, hadari na rufe rana caji ya ragu, sai shi ma ya ce an cika, ka koma gidan jiya.

In za ka taɓa kan batir ka cire zobe da agogo, kada sifana ta haɗa kai biyu, kuma ba ashana ba sigari a wurin, tubula yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Sadiq na Computer Village:

Baba, barka da ƙoƙari. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ni ɓangaren ajiye bayanan zan taɓa.

Ɗan abin Wi-Fi ɗin nan ba wayarka yake aika wa bayani kai tsaye ba. Yana turawa ne rumbun kamfanin ta intanet, yawanci sau ɗaya duk minti biyar, manhajar kuma ta ɗauko daga can. Shi ya sa data na ƙarewa kake ganin giɓi. Kuma duk abin da ya faru tsakanin minti biyar ɗin, kamar fizgar da firiza ke yi lokacin tashi, ba za ka taɓa ganinsa ba. Yawancinsu kuma Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa, mutane da yawa sukan canza rauta su rasa dalilin da abin ya daina aiki.

A gidanmu ga yadda na yi. Na sa wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu, Raspberry Pi, kusa da inbata, na ɗora mata SolarAssistant. Ana sayen lasisinsa sau ɗaya. Ana haɗa ta da inbata da waya, ta USB ko RS232 ko RS485, ya danganta da irin inbatar, kuma yana aiki da Voltronic da ire-irenta, da Growatt, da Deye, da wasu da dama. Ka fara duba jerin da ke shafinsu ko taka tana ciki. Tana karanta inbata duk 'yan daƙiƙu, tana ajiyewa a cikinta, babu ruwanta da intanet. In kana gida ka buɗe ta Wi-Fi ɗin gida, in akwai data kuma ka gani daga kasuwa. In ka sa shant na Victron, akwai wayar VE.Direct mai kan USB da za ta haɗa shi da ita, sai kashin batir ɗin da kake gani ya zama na shant, ba kintacen inbata ba. A nan ne abin yake daɗi, don a zane ɗaya za ka ga rana, lodi, batir da wutar NEPA.

Wanda ba ya son biyan lasisi akwai Home Assistant, kyauta ne, amma gaskiya yana son mai haƙurin zama da kwamfuta. In kuma akwai tsohuwar laftof a gida kuma inbatar irin ta Voltronic ce, WatchPower yana karanta ta ta USB, sai dai dole laftof ta kwana a kunne, ita ma lodi ce.

Abubuwan da za a kiyaye: ramin RS232 na wasu inbatoci kamarsa ɗaya da ramin wayar intanet, amma ba shi ba ne, kada wani yaro ya soka shi a rauta. Sannan kada a ba Pi wuta daga soket ɗin inbata, don inbata na mutuwa ita ma ta mutu, daidai lokacin da kake son shaida, ga kuma katin ajiyarta da ke lalacewa in wuta na yawan yankewa ba shiri. A sa mata ɗan abin rage wuta daga 48V zuwa 5V kai tsaye daga batir, ta bayan shant, da fis. Cinta bai wuce wat 5 ba. A kuma tabbatar agogonta yana kan lokacin Legas, don Pi 3 da Pi 4 ba su da batirin agogo, in sun tashi babu intanet lokaci yakan rikice, sai ka ga zane ya ce rana ta fito ƙarfe biyun dare.

Wata riba kuma: tunda tana rubuta bolt ɗin NEPA, a ƙarshen wata za ka san awa nawa aka ba ku wuta a kowace rana. A rukunan da kamfanin wuta ya kasa masu mita, Band A alkawarinsa awa 20 ne a rana, Band B 16, Band C 12. In za ka kai ƙorafi, takarda a hannu ta fi "wallahi ba ma samun wuta".

In kana so Baba, ranar Lahadi ba na fita shago.

Mai Gaskiya 1:

Alhaji duk wannan dogon turanci ne. Ka sayar da tubula ka sayi litiyom ka huta. Tubula ya zama tarihi.

Maman Ilham, Idi-Araba:

Mai Gaskiya, litiyom nake amfani da shi, kuma bai hana ni sa ido ba. Nawa 51.2V ne mai 100Ah, wato yunit 5 da ɗan kai. Shi nasa halin ma ya fi ruɗarwa in bolt za ka bi, don daga kusan cika har ya kusa ƙarewa bolt ɗin da ƙyar yake motsi, sai dab da ƙarshe ya faɗo gaba ɗaya. Abin da ya taimake ni shi ne BMS ɗin cikinsa, wato na'urar da ke kula da batirin, yana da Bluetooth, ina ganin sel 16 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma an haɗa shi da inbata da wayar sadarwa, kashin da nake gani daga batirin yake zuwa. Duk da haka in ya daɗe bai cika taf ba, lissafinsa yakan kauce, sai ya cika sannan ya daidaita. In Alhaji ya sa litiyom a kan lodin da bai san nauyinsa ba, kukan ƙarfe uku zai iya dawowa, bambancin kawai ya kashe kuɗi masu yawa.

Alhaji, ni ma ina sana'ar firiza, ƙanƙara da zoɓo, don haka bari in faɗa maka abin da ba a cika faɗa ba. Firizar sana'a ba firizar gida ba ce. In Hajiya tana zuba sabon kaya da yamma, robobi cike da zoɓon da bai gama hucewa ba, injin firizar ba zai huta ba har asuba, kuma batir ne ke biya. Da na ga haka a zane sai na juya aikin: dafawa da daddare, ya kwana ya huce, ɗurawa da safe, a zuba a firiza wajen ƙarfe tara ko goma lokacin da rana ta fara ƙarfi. Zuwa magariba kaya sun daskare, da dare injin kaɗan-kaɗan yake tashi. Ban sayi komai ba, lokaci kawai na canza. Akwai ɗan soket mai mita da ake sawa tsakanin bango da firiza, ya nuna yunit nawa ta sha a rana. Ka sa mata shi, ka bar Hajiya ta riƙa karantawa da kanta, zai fi maka sauƙi a kan ka zo kana cewa firizarta ce matsala. Ka san halinmu.

Sai maganar fanel, kada a yi saurin ce maka sun yi kaɗan ko sun isa daga lambar da ke manhaja. Abin da inbata ke rubutawa shi ne wutar da aka karɓa, ba wadda rana ta iya bayarwa ba. In batir ya cika kuma lodi kaɗan ne, sai ta rage jan wuta daga fanel da kanta, ranar ka ga yunit kaɗan alhali rana ta ƙwalle. In kana son sanin ƙarfinsu na gaskiya, ka duba wajen sha biyu zuwa ɗaya a ranar da gari ya washe, batir bai cika ba, ka kunna burtsatse. Kuma kada ka sa ran ganin wat 2,700 ɗin da ke rubuce. An auna wannan ne a zafin digiri 25, fanel a kan kwanon Legas kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. In ka ga wajen 2,000 ba laifi. Yuni da Yuli kuma sai haƙuri, akwai ranar da ko rabin abin da aka saba ba a samu. 'Yan'uwana a Kano suna mamakin yawan fanel ɗina, ba su san hadarin nan ba.

Na ƙarshe, wanda ya haɗa maka manhajar, da lambar wa ya buɗe? Wasu manhajojin ana iya canza saitin inbata da su daga nesa. Ka tabbatar asusun naka ne, kalmar sirri a hannunka take.

Ɗan Gwari Mile 12:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru ne ina tara abin da zan kawo muku.

Na sayi maltimita, na kuma sa an ɗaura shant. Sadiq, Allah ya yi maka albarka, ya zo har gida ya tsaya a kan mai haɗawar, kuma da idonsa ya hango wata siririyar waya ta fitilar tsakar gida da aka ɗaura kai tsaye a kan batir, aka mayar da ita bayan shant. Maganar Raspberry Pi mun ajiye ta zuwa wani watan, yanzu Bluetooth ɗin nake amfani da shi, da littafi.

Ga awon baturan. Da rana wajen ƙarfe biyu ana caji: na 1 13.6, na 2 13.6, na 3 14.9, na 4 13.6. Jimilla 55.7, kuma a ranakun da na duba ban ga ta taɓa 57.6 ɗin da Injiniya ya faɗa ba. Da dare da kukan ya fara na tashi da tocila: na 1 11.9, na 2 11.8, na 4 11.9, na 3 kuwa 10.3. Na sake aunawa don ban yarda da idona ba, haka dai yake. Na taɓa jikinsa da rana, ya fi sauran ɗumi, kuma shi ne na ƙuryar lungu, jikin bangon kicin, inda iska ba ta kaiwa. Ruwansa ma ya fi na sauran sauka.

Shant kuma ga abin da ya nuna. Daga wajen biyar da rabi na yamma batir yake fara bayarwa, tun kafin magariba ke nan, ni da nake ɗauka sai duhu ya yi. Daga nan zuwa ƙarfe uku, 108Ah ne suka fita. Lodin da ba ya sauka, fankoki da firji da firiza, yana kan am 9. Na kashe komai na gidan na bar inbata ita kaɗai, sai ga am 1.1 yana fita, wato ita kanta tana shan sama da wat 50 ba dare ba rana, ya haura yunit 1 ke nan kullum ba ta haska ko ƙwai ɗaya ba. Wannan ba wanda ya taɓa faɗa min shi lokacin saye.

Sai wasu tuddai biyu a zanen. Ɗaya daga shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna, ƙarin am 25: burtsatse ne, yara sai sun dawo Islamiyya suke cika tanki. Ɗayan wajen tara na dare: dutsen guga, kayan makaranta. Su biyun nan kaɗai sun kwashe wajen 24Ah. Na kafa doka, burtsatse da guga daga sha ɗaya na safe zuwa biyu na rana, in ya wuce sai gobe. Gugar ce ake ta ja-in-ja a kanta, don masu kayan suna makaranta a lokacin, yanzu dai an koma yin ta Asabar da Lahadi gaba ɗaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shigar. Ranar da aka yi rana sosai, 112Ah suka koma. Ranar da aka wuni ana yayyafi, 60 kacal. Kuma a duka ranakun biyu tsohuwar manhajar 100% ta nuna da la'asar, ko kunya babu. Mun duba saiti, ashe an sa caji daga rana kaɗai, NEPA ba ta cajin batir ko tana nan. Mai haɗawar ya ce ya yi haka ne don kada katin mita ya riƙa saurin ƙarewa.

Maman Ilham, saƙonki ya isa inda aka aike shi. Uwargida ta ce a gaishe ki, ta kuma ce ita dama ta san ba firizarta ba ce kaɗai. Soket mai mitar yana hannunta. Asusun manhaja kuma da lambar mai haɗawar aka buɗe, mun canza.

Yanzu Injiniya, tambaya biyu. In sayi batir ɗaya sabo in maye gurbin na 3? Kuma in buɗe wa NEPA caji ko in ƙara fanel?

Injiniya Alaba:

Madalla Alhaji, yanzu muna magana da lamba.

Ka lura da 108 ɗin nan, kusan rabin 220 ne daidai. Tubula in ana son ya daɗe, rabin nan ne iyakar abin da ya kamata a riƙa cira kullum. Kai kuma ƙarfe uku ka kai wurin, saura awa biyar kafin rana ta karɓa, wato ƙarin wajen 45Ah. Ke nan tun lokacin da kake cewa gari na wayewa lafiya, kusan kashi 70 kake kwasa kowane dare. Sabunta ce ta rufa asiri. Ga shi kuma batir irin wannan sai an mayar masa da fiye da abin da aka cira, kamar kashi 10 zuwa 20 a kai, don wani yana tafiya a zafi da tafasar ruwa. In an cire 108 ana son wajen 120 zuwa 130. Ranarka mafi kyau 112 ce. Batirin da yake kwana yana wuni bai cika ba, gishiri yakan daskare a farantansa, ƙarfinsa ya riƙa raguwa. Na 3 ya riga sauran ne saboda zafin lungun da yake, don zafi yana cin rayuwar batir sosai. Masu gyaran nan biyu kowanne ya riƙe gefe ɗaya na maganar.

Ka buɗe cajin NEPA, ka sa shi wajen am 20 zuwa 25, kusan kashi 10 na ƙarfin batir ke nan. Giɓin ranar hadari wajen 60Ah ne, bai wuce yunit 4 a mita ba. Ko da kuɗin Band A na naira 225 da aka sa a Afrilun 2024 ka yi lissafi, bai kai naira 1,000 ba, kuma ba kullum ba ne. Ka gwada da kuɗin batir ɗaya. In rani ya shigo shant ya nuna rana kaɗai tana cika shi, sai ka mayar.

Amma kafin ka buɗe, a fitar da na 3 daga jerin a duba shi, don in jimilla ta hau 57.6 yana ciki a haka, shi zai haura 15 da yawa yana tafasa, sauran kuma ba su ƙoshi ba. A cika masa tataccen ruwan da ake zuba wa batir, ba na famfo ba, ba asid ba. A yi masa caji shi kaɗai da caja mai 12V har ya cika, sannan a auna ruwan ramukansa shida da bututun gwajin ruwan batir. In biyar sun yi daidai ɗaya ya ƙi tashi, wannan ramin ya mutu, babu dabara. In duka shidan sun taso kusa da juna, akwai sauran rai, a mayar da shi amma a canza masa wuri, a ba kowanne tazarar da iska za ta ratsa. Sauran ukun ma a yi musu cajin ɗaya-ɗaya kafin a sake jerawa.

Sabon batir cikin tsofaffi ba na so, don tsofaffin za su riƙa jan sa, ba zai yi kwanan da ya kamata ba. Amma in aljihu bai kai na huɗu ba, ana yi a matsayin maneji, iri ɗaya, Ah ɗaya, kana sane da cewa lokaci kake saye. Kada ka yanke shawarar litiyom ko ƙarin fanel yanzu. Ka bar shant ya tara maka lissafin wata guda da sabuwar dokar burtsatse da firiza, mu ga dare nawa Ah yake ci a gaskiya, a kan wannan lambar za a auna girman abin da za ka saya. Ka turo min awon ramuka shidan in an yi, da lambar da ke jikin kowane batir, in ga ko shekararsu ɗaya.